Ranar da Na Cire Marufin Kunne Don Ladabi

Ko yanzu da furfura ta gama cinye kaina, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kai surukina filin harbi ba. In ma na so mantawa, kunnena na hagu ba zai bari ba, don har yau yana yi mini wani siririn kuka irin na gyare, musamman in gida ya yi shiru.

A tsakiyar shekarun alif ɗari tara da tamanin ne. Muna zaune a Wheaton, ni da matata Hajara da 'yarmu Sadiya da ke rarrafe, ina aikin injiniya a wani ofis cikin Washington. Sai mahaifin Hajara ya zo daga Kaduna ganin jika, zai yi mana mako biyu. Tsohon soja ne, kowa Baba Saje yake ce masa, dogo, miƙaƙƙe, ba ya dariya sai da dalili.

Ni kuwa na ɗaura ɗamarar nuna masa cewa zaman Amurka bai wanke mini tarbiyya ba. Kullum da safe kafin in fita kama jirgin ƙasa na Metro, sai in durƙusa ta wajen ƙofa, gefen hagunsa, in sunkuyar da kai, in gaishe shi da murya ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tada jariri. In tambayi kwana, in tambayi gajiya, in tambayi sanyi. Ya dube ni, wani lokaci ya ce "Uhm", wani lokaci ko wannan babu. Da yamma in sake. Kwana goma muna haka, har gwiwar wandona ta fara sheƙi.

A rana ta goma Hajara ta tare ni a kicin (a barikin soja ta tashi, in ta yi raɗa maƙwabta na ji). Ta ce Baba ya tambaye ta ko mijinta ba ya son zamansa a gidan nan ne, ya kuma ce in da hali a matso masa da ranar tafiya. Wallahi raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni. Mutumin nan ya ba ni 'yarsa ta hannun wakilai ina wata ƙasa, bai taɓa zama da ni ba. In ya hau jirgi a haka, ya tafi ke nan bai sa mini albarka ba, kuma abin da zai faɗa a Kaduna shi ne zai zauna.

Nan dabara ta zo mini: soja ai sai bindiga.

To, a nan sai na faɗi gaskiya. Ina da bindigar farautar barewa, amma tsoronta nake ji. Abokina Bulus, mutumin Filato da ke aikin jinya yana zaune a garin Clinton, shi ya ja ni cikin harkar. Ranar da na fara harbi, bindigar ta naushe ni a kafaɗa na yi mako ba na iya ɗaga hannu (na ce wa Hajara ƙofar mota ce ta buge ni). Tun daga nan, in zan ja kunama sai in runtse ido. Don kada in yi wannan abin kunya gaban Baba, na garzaya wurin mai gyaran bindigogi ya ɗaura mata wani guntun ƙarfe mai hudoji a gefe, a can bakinta. Birki ake ce masa. Aikinsa ya karkatar da iskar harbin ta fita ta gefe, sai naushin ya ragu. Mutumin ya gargaɗe ni sau biyu cewa abin da kafaɗa ta huta da shi kunne ne zai biya, kuma wanda ke gefe ya fi mai harbin shan ƙara. Ya ce in toshe kunne da soso, in ɗora marufin kunne a kai. Na gyaɗa kai irin na injiniya, wai ni za a koya wa yadda iska ke tafiya.

Asabar da hantsi Bulus ya ɗauke mu zuwa wani fili can bayan Clinton. Tebura ne a jere ƙarƙashin rumfar kwano, kowa da nasa, ga wani Bature mai jar hula yana kula da doka. Baba ya cire hularsa ya ninke, ya murza soso ya cusa a kunnuwa biyu a natse, ya ɗora marufin, ya danna shi da tafin hannu. Ni ko na ce soso na masu tsoro ne. Hula kuma ba zan cire gaban suruki ba, sai na ɗora marufin a kan kuben tawa, ya zauna a karkace kamar kayan jaki.

Baba ya karɓi bindigar Bulus ya yi harbi biyar. Da aka duba takardar da ya harba, tafin hannu ɗaya ya rufe hudojin duka. Karo na farko na ga haƙoransa. Bulus ya ce bari ya ɗana tawa ya ji yadda birkin nan yake, ya zauna a teburin da ke hagu. Ina tsaye a baya tsakaninsu, ina murna abu ya fara kyau.

Sai Baba ya waiwayo ya dube ni, bakinsa na motsi, yana nuni da yatsa.

Jama'a, ku duba mini. Kwana goma sha ɗaya mutumin nan bai taɓa fara yi mini magana ba, yau ya fara, ni kuma kunnena a toshe? Wane ɗan halak ne babba zai yi masa magana ya tsaya ƙiƙam da murfi a kunne? Ban yi wani tunani ba. Na matsa tsakanin teburan biyu, na durƙusa kusa da gwiwarsa, na sa hannu biyu na cire marufin gaba ɗaya, na ce, "Na'am, Baba?"

Na ga ya zaro ido, na ga ya miƙo hannu. Bulus kuwa idonsa na kan abin saiti, bai san ina wurin ba. Ya ja kunama.

Ba zan ce na ji ƙara ba. Mari na ji, irin wanda ake shirya wa mutum tun daga nesa. Da hankalina ya dawo, na tsinci kaina zaune daɓas a ƙasa, na rungume ƙafafun surukina biyu, hulata ta gangara gaban layin harbi, ina kururuwa, "Baba an harbe ni! Baba ku riƙe Sadiya amana!" Mai jar hula ya tsayar da harbi, duk Turawan wurin suka ajiye bindigogi suka zo kallo. Bulus ya laluba ni sama da ƙasa, ko ƙwarzane babu. Baba dai ya zare ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya.

A gidan Bulus muka ci abincin rana, matarsa Ladi ta yi gwaten acca, Hajara da Sadiya ma suna can. Kaina kamar an kifa mini tukunya, ba na jin muryata sam. Na durƙusa gaban Baba don in ba da haƙuri, a zatona da muryar nan tawa ta ladabi nake magana. Ashe ihu nake zabga masa a fuska, har Sadiya ta fashe da kuka. Hajara na mintsinina, Ladi ta shige kicin da cokali a hannu, Bulus ya juya wa mutane baya kafaɗunsa na rawa. Na ce wa Baba ban taɓa ƙin zamansa ba, na ce tsoron bindiga nake ji, na ce ba ƙofar mota ce ta buge ni ba (wannan bai ma san da zancen ba, Hajara ce ta ji sabon labari).

Baba ya bari na gama. Sannan ya kamo kunnena na dama, ya sa murya irin ta fareti.

"Cewa na yi ka gyara marufin hagu, ya karkace."

Na so ƙasa ta tsage. Na cire abu ne don in ji ana ce mini in gyara shi.

Bai saki kunnen ba. Ya ce, "Ɗana, yau na fara jin muryarka. Kwana goma ƙeyarka kawai nake gani."

Sai ya faɗi abin da ko 'yarsa ba ta sani ba. Shekarun da ya yi kusa da igwa ba tare da komai a kunne ba sun kashe masa na hagu ƙurmus, na dama ma rabi ya rage. Bai taɓa gaya wa kowa ba, wai kada a ce Saje ya tsufa, kuma a gidansa kowa da ƙarfi yake magana, ba a gane ba. Ni kuma na zaɓi mataccen gefen, na ɓoye bakina a ƙirji, ina ta zuba gaisuwa. Shi a ganinsa zuwa nake in tsuguna in yi gunaguni in tashi. Idon Hajara ya kawo ruwa. Tausayinsa ya kama ni har na manta da tawa kunyar.

Bai matso da tafiyar ba. Ragowar kwana ukun mun yi su a kan kujera ɗaya, ya ba ni damansa, in ba shi damana, sai mun ɗan karkace kamar masu shirin gaisawa da kafaɗa, muna ta hira da ƙarfi. Likita ya ce kunnen dama zai warware, na hagu kuwa sai haƙuri. Birkin na sa aka kwance, daga baya ma na bar wa Bulus bindigar.

A filin jirgi Baba ya sake kamo kunnen nan na dama, ya sa mini albarka da muryar da ta sa wata Baturiya sakin jakarta. Na ji kowace kalma, na amsa amin yadda shi ma zai ji.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba. In zan gai da babba, ina ɗaga kai in buɗe baki. In kuwa akwai bindiga a kusa, ko kakana ne ya dawo daga lahira yana motsa baki, sai dai ya jira a gama harbi.