Ragowar Bulo

Wani ne a Zuru, tsohon soja, ya ajiye kaki ya dawo gida, ya ce shi ma sai ya gina nasa kafin ruwa ya sauka. Shekara guda ke nan shi da matarsa Theresa suna raɓe a ɗakin ƙanenta, ga shi ƙanen zai yi aure da faɗuwar damina, yana son ɗakinsa. Ciki uku da falo aka zana. Bulo, siminti, katako, kwano, duk ya saya ya jibge daidai wa daida, ko ƙusa ɗaya ba ta yi yawa ba.

Mutumin nan bai taɓa tsoron bakin bindiga ba. Abu ɗaya ke kaɗa masa hanji a duniya: a ce masa marowaci.

Wa da ƙane ya ɗauka aiki, Mika magini da Ebenezer kafinta, bayin Allah masu gaskiya. Ranar da aka gama fandisho ya kamo jan zakaransa ya ba Mika, ya ce ga godiya. Mika ya yi murna, shi ma ya koma gida yana jin kansa wani babba. Theresa ta ga aiki ya kankama, sai ta hau mashin ta tafi Ribah duba mahaifiyarta.

Washegari a wurin mai shayi ya ji ana hirar wani Na'Allah da ya gama gini bara.

"Ai wanga mutum ɗan halak ne. Ragowar bulo duka ya bar wa magininsa, amalanke uku!"

"Haka manya ka yi. Wasu ko, sai ka ji wai zakara."

Shayin nan bai shanye shi ba. Ya zarce wurin gini yana huci.

"Mika, bulo nawa za su rage in an gama?"

"Ko ɗaya, oga. Ka auna daidai."

"Ko ɗaya? So kake a yi da ni a gari?" Ya cire hula ya sosa ƙeya. "To, in an cire ɗaki ɗaya fa?"

"Sai su rage da yawa. Amma oga, mi ya yi zafi? Zakaran nan ya ishe ni."

"A cire! Kwashe ka kai gida."

Da ɗaki ya tafi, sai kwanonsa da katakonsa suka zama ragowa su ma. Ya kira Ebenezer ya ce nasa ne. Ebenezer ya roƙe shi ya bar kayansa har da durƙusawa, amma tsohon sojan ya ce shi fa ba a mayar masa da kyauta.

Kwana biyu yana tafiya yana buɗa kafaɗa. Rana ta uku ya gaida Mika, Mika ya amsa bai yi murmushi ba. Haƙori ne ke damun bawan Allah, amma gogan naka nan take ya gano dalili: kwano ya fi bulo daraja, ya fifita ƙane a kan wa. Abin kunya!

"A cire wani ɗakin. Bulon na Mika ne."

Aka cire. Kwano ya sake ragewa, ya koma wajen Ebenezer, rashin adalcin ya dawo sabo. Haka falo ma ya bi sahu, da tagoginsa da komai.

Bayan mako uku Theresa ta dawo. Ta sauka daga mashin, ta tsaya gaban wani ɗan ɗaki tilo a tsakiyar fili, ta zagaya shi sau biyu.

"Wannan makewayin ya yi kyau. Ina gidan?"

"Shi ke nan."

"Ina sauran?"

"Shiga kasuwa ki ji yadda ake kiran sunana."

"A cikin sunan za mu kwana?"

Aka kawo gadonta, rabi ya shiga, rabi ya tsaya a waje. Suna cikin kokawa da shi hadari ya haɗo, ruwan farko ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Theresa ta kama hannun rigarsa ta ja shi har unguwar su Mika.

Sai ga sabon gida fes a filin da wa da ƙanen suka gada: ciki biyu da falo, kwano na ƙyalli, tagogin ma ta gane su. Mika da Ebenezer na zaune a baranda, ko ɗigo bai taɓa su ba.

Ta zunguri mijinta da gwiwar hannu. "Kai da ka ce mutumin kirki ba a yaba abinsa ya riƙe. To, yaba."

Ya gyara tsayuwa, ruwa na zuba ta bakin hularsa.

"Kai, Mika! Wanga gida ya yi kyau. Wallahi ya shiga raina!"

Mika ya miƙe, ido ya ciko da ƙwalla. Ya ce a ɗan jira shi, ya zagaya baya. Theresa ta fara gyara ɗaurin zane, tana shirin karɓar makullin gida. Can sai ga shi ya fito rungume da jan zakaran nan, ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu.

"Oga, ga godiya. Mu ma ba mu barin wanda ya gina muna gida ya koma hannu wofi."