Nomau da Ciyawa Mai Furfura

A ƙauyenmu akwai wani mutum, Nomau, gemu ya cika masa haɓa amma magana yadda ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, bai san ana lanƙwasa ta ba. Su biyu ne a gida, shi da mahaifiyarsa Inna Tabawa, sai farar saniya da mahaifinsa ya bari. Da nononta suke ci. A ƙarshen wata damina nonon ya ja baya, har Kawu Jatau, ƙanen marigayin, ya ce in abin bai gyaru ba zai kai ta wa mahauta kafin ta rame ta zama asara. Ranar Inna ba ta ci tuwo ba.

Wata rana malamin dabbobi ya biyo ta ƙauyen. Ya danna cikin saniyar, ya ji shi tam. Ya ce, "Iya, cikinta a cike yake, amma abin da ke ciki ba ya narkewa. Ya tare wuri, ta kasa ƙara ci. A nemo mata abin da ke narkewa." Nomau na gefe yana gyaɗa kai. Da Inna ta tafi rijiya, ya ɗauko ɗan man shanun da ta daɗe tana tarawa, ya ajiye gaban saniya a tsakiyar rana. Saniya ta sunsuna ta kau da kai, mai ya bi ƙasa. "Inna, ya narke sarai," in ji shi, "ita ce dai ba ta yi sauri ba."

Wata rana Inna na daka ta ce, "Nomau, leƙa ka ga ko tana tuƙa." Kowa ya san saniya mai lafiya takan kwanta ta dawo da abin da ta haɗiye tana taunawa, shi ne tuƙa. Nomau ya ɗauki tukunya da muciya ya kai mata, ya tsuguna yana jira. Can ya dawo fuska a ɓace. "Ba ta iya ba, Inna. Ko muciyar ba ta riƙe ba." Inna ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba, don da ta je da kanta ta tarar bakin saniyar shiru.

Wata rana ta miƙa masa lauje ta aike shi fadama. Ta san tsofaffin da ke zama a hanya sun saba tsokanarsa, sai ta ce, "Duk mai furfurar da ka gani, gaishe shi ka wuce." Ya isa fadama ya tarar ciyawa ta yi tsawo ta yi kara, kanta ya yi fari fat. Ita kowa ke yanka, don ita ke cika dami. Nomau ya durƙusa ya ce, "Sannunku, Baba," ya wuce. Haka ya yi ta gaisuwa har bakin ruwa, inda ya sami gajeriyar ciyawa mai laushi wadda ba ta fid da kai ba. Ya dawo da ɗan abin da bai kai rabin dami ba. Inna ta dafe kai, tausayin kanta ya kama ta.

Saniya kuwa ta cinye tas, ta ɗaga kai tana neman ƙari. Tsohuwar ciyawa takan kwana a tumbi ta hana wata shiga, ɗanya kuwa ta wuce ta bar wuri. Nomau bai san wannan ba, ya dai ci gaba da gaisuwarsa kullum, hantsar saniya tana ƙara nauyi.

Ranar da Kawu Jatau ya shigo da igiya a hannu, ya tarar Inna tana tatsa, kumfa ya kusa bakin ƙwarya. Ya tsaya, ya naɗe igiyar a hankali. "Kai Nomau, ina kake samo wannan ciyawa?"

Nomau ya dubi kan Kawu, fari fat. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya wuce. Inna ta jingina goshinta a jikin saniyar, tana dariya tana hawaye, hannunta bai daina tatsa ba.