Rasuwar Ramin Kati, da Katin Baba a Bakinsa

Da zuciyar da baƙin ciki ya ci rabinta, haushi ya ci sauran, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar makarancin katin memori na kwamfutata, wato siririn ramin nan na gefen hagu, kusa da kafar caji. Ya rasu jiya Talata da hantsi a kan teburin falo, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya da lafiyar minti arba'in. Ya cika da katin Baba a bakinsa. Har yanzu katin yana ciki.

Tare muka dawo gida. A hanya na duba abin da nake ɗauke da shi bayan shekara tara ina karatu a ƙasar waje: akwati ɗaya, takardar shaidar karatu a cikin kwali, rigar sanyi da ba zan sake sawa ba, maganin ɗigawa a ido na Inna kwalba shida, sai kwamfutar da marigayi yake zaune a jikinta. Ban kawo tsaraba ba. An yi maganar, an gama. Na iso wata huɗu bayan an binne Baba. Wannan maganar ba a yi ta ba, ba a kuma gama ba.

Marigayi mai kawaici ne. Shekara huɗu yana gefen kwamfuta bai roƙi komai ba, ni ma ban ba shi komai ba. Ƙura ya sha, ya yi shiru. Kalma ɗaya ya iya a duniya. In ka tura masa kati ya ce ƙyas, ya riƙe. In ka ƙara dannawa ciki ya ce ƙyas, ya miƙo maka abinka. Ba a jan kati daga bakinsa, dannawa ake yi. A riƙe wannan, don a nan ajalinsa yake.

Katin na kamarar Baba ne, Allah ya jiƙansa. Ni na aiko masa da kamarar don ya riƙa turo mini hotunan gida. Ya yi ta ɗauka, bai turo ko ɗaya ba, saboda na aiko da kaya ban aiko da bayani ba. Daga baya kamarar ta faɗa bokiti ta mutu, kati ya tsira. Inna ta adana shi a gidan tabarau na Baba, ta hana kowa taɓawa, ta ce sai wanda ya aiko da kamarar ya dawo. Inna tana fama da hawan jinin ido. Ganinta yana tsukewa daga gefe, kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Kwana biyu da isowata ta sa mini katin a tafin hannu.

"Ka nuna mini shi tun ina gani," ta ce.

Na ce mata minti biyar.

A nan jinya ta fara. Kwamfutata tana tafiya da buɗaɗɗen tsari ne, irin wanda mutane suke haɗuwa su rubuta, kowa yana iya duba cikinsa ya gyara. Na zaɓe shi ne don ba na son abin da aka kulle mini. Har yau ban yi da-na-sani ba, kada wani ya zo ta'aziyya da wannan zancen. Na tura kati, marigayi ya ce ƙyas, allo bai nuna komai ba. Na tambayi tsarin sunayen na'urorin da ke jikinsa. Marigayi yana cikin jerin, da lambarsa da komai. Tsarin ya san da zamansa, harshensa ne bai sani ba. Ana buƙatar direba, wato 'yar manhajar da ke yi musu tafinta, kuma kamfanin da ya ƙera shi bai taɓa sakin bayanin yadda ake magana da shi ba. Sun sayar mini da baki, sun riƙe harshe a aljihu.

Rana ta biyu Auta, ƙanwarmu mai aikin jinya, ta dawo daga asibiti da wani makaranci na waje, ɗan abu kamar kwalin ashana, wanda ake sokawa a kowace kwamfuta ya karanta kati nan take. Na ce mata na gida yana nan da ransa, ba za a ɗauko bare ba. Ta kalle ni irin kallon da take yi wa majinyacin da ya ƙi allura, ta ɗora shi a kan firji, ta ce in Furofesa ya gama yaƙi, abu yana nan. Furofesa suke ce mini a gidan. Ba yabo ba ne.

Na kai marigayi asibitoci da yawa, duka a intanet. A wani dandali na samu mutumin da ciwonsa iri ɗaya ne da namu, lamba ɗaya, shekara shida da suka wuce. Ƙarƙashin tambayarsa mutum uku sun rubuta cewa nasu yana aiki lafiya. Na huɗu ya ce an riga an amsa wannan, bai ce a ina ba. A ƙarshe mai tambayar ya dawo ya rubuta, "Na gyara, na gode," ya tafi abinsa bai faɗi yadda ya yi ba. Duk inda yake, ban yafe ba.

Rana ta shida na tono wani direba da wani bawan Allah ya rubuta ya watsar. Ya tsufa, sabon tsarin ya ƙi karɓarsa. Wani baƙo mai hoton kyanwa a madadin fuska ya nuna mini layi uku da zan canza. Na canza. Kwamfuta ta ce ba ta yarda da direban da ba shi da sa hannu ba. Na koyi sa hannu. Ta karɓa da safe, da rana ta sabunta kanta ta zubar da shi. Na sake daga farko. A duk kwanakin nan Inna tana wucewa ta bayana da sandarta, ta tsaya, ta ji ƙarar madannai, ta wuce. Ba ta sake tambaya ba. Sau biyu a rana ina ɗiga mata magani a ido, ina kallon abin da nake ɓarnatarwa, in koma kan tebur. Na waje yana kan firji, taku bakwai daga kujerata.

Jiya da safe marigayi ya farfaɗo. Ya ce ƙyas, allo ya buɗe: hoto ɗari biyu da goma sha biyu. Na buɗe na farko. Ƙafafun Baba ne cikin silifas a bakin baranda, ya ɗauka bisa kuskure yana koyon kamara. Na kira Inna. Ta kawo fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta daɗe tana juya kai tana neman wurin da idon ya rage.

"Ƙafarsa ce," ta ce. "Bai yanke farce ba."

Mai hankali a wannan lokacin kwafe hotunan zai yi. Aikin minti biyu. Ni sai na ce wa Inna ta zauna ina zuwa, na ɗauki waya na fita bakin ƙofar gida inda sabis ya fi ƙarfi, don in rubuta wa mai kyanwa da sauran jama'a yadda aka yi, mataki-mataki. Na rantse ba zan zama irin wancan mutumin ba. Na rubuta tsaf, har da gyaran waƙafi. Minti goma sha bakwai.

A cikin mintocin nan kwamfuta ta yi barci don tanadin batir. Da Inna ta taɓa ta ta farka, amma marigayi bai farka ba, matsalar da ban kai ga ganowa ba ke nan. Hoto ya ɓace. Inna ta tsorata ta ƙwala wa Yaya kira ta taga.

Yaya babban wanmu ne, tela, shagonsa yana jikin gidan. Tun da Baba ya kwanta, duk abin da ya lalace a gidan nan shi yake gyarawa: fanka, rediyo, kwaɗon ƙofa, famfo. Kayan aikinsa uku ne, man keken ɗinki, tsinken warware ɗinki, da duka da tafin hannu. Kuma suna yi masa aiki, ba zan yi ƙarya ba. A iliminsa, abin da ya ɗauke, a cire shi a hura masa iska a mayar. Ya ja kati da farce, ya ƙi fitowa. Ya ɗiga mai. Ya zaro tsinke daga aljihu.

A nan na shigo. Ina so a rubuta wannan daidai: tsinken bai shiga ba tukuna. Na gan shi a hannunsa. Ina da lokaci. Mutumin da ya yi shekara tara yana gaya wa malamansa sun yi kuskure a gaban aji, wanda ya yi kwana goma sha ɗaya yana faɗa da baƙi a intanet, ya tsaya a ƙofar falo bakinsa ya mutu. A gidanmu ba a riƙe hannun Yaya. Shi ya yi ta ɗaukar Baba a baya zuwa mota, shi ya kwana a benci a asibiti, shi ya tsaya a kan kabari lokacin da nake rubuta jarrabawa. Abin da na iya fitarwa shi ne, "Yaya, ko a ɗan bari..."

"Bari kai dai, Furofesa. Kwana goma sha ɗaya muna kallonka."

Kalmar marigayi ta ƙarshe ba ƙyas ba ce. Ƙaras ya ce. Wata 'yar waya mai kama da gashin ido ta faɗo kan tebur. Kati ya nutse ciki, ya karkace. Inna ta laluba sandarta ta shiga ɗaki.

Marigayi ya bar uwar ɗakinsa, kwamfuta, tana warin man keke. Ya bar 'yan'uwa uku, kafofin soka filashi, duk lafiyarsu ƙalau, kuma da ɗayansu aka nema tun farko da ba a kai ga haka ba. Ya bar maraya ɗaya, direban da na gyara, wanda yake aiki daidai amma ba shi da wanda zai yi wa tafinta. Ya bar bayanina a dandali, inda zuwa safiyar yau mutum biyu suka yi mini godiya, ɗaya ya ce na cece shi. Ya bar hoto ɗari biyu da goma sha ɗaya da ba wanda ya gani. Ban san ko katin ya tsira daga mai da tsinke ba. Ba zan sani ba sai an buɗe.

Masu tambayar wa ya kashe shi, ga amsa. Kamfanin da ya ɓoye harshensa ya kwantar da shi. Mutanen "nawa yana aiki" sun tsawaita jinya. Yaya ya soka tsinke. Sauran duka nawa ne, kuma sauran ya fi yawa. Kwana tara na ganin Inna na ƙona don kada a ce na yi amfani da abin kan firji. Ba kamfani ne ya sa ni ba.

Yaya bai ba da haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Da sassafe ya aiko Auta da sukudireban kekensa, ba saƙo. Ya yi girma, ba zai shiga ko ƙusa ɗaya ta kwamfutar ba. Na karɓa na ajiye. Na san abin da yake nufi.

Ga tsarin jana'iza. Yau Laraba bayan azahar, da zarar Auta ta taso aiki da ƙananan sukudireba da ta aro wurin mai gyaran agogo, za a kwantar da kwamfuta rubda ciki a ɗakina a kan farin tawul. Za a kwance ƙusa goma sha ɗaya, a jera su yadda aka cire. Za a raba batir da jiki kafin a taɓa komai. Za a ɗaga murfin ƙarfen marigayi, a zaro kati da hantsaki, a goge masa mai, a bar shi ya bushe. Daga nan za a miƙa shi ga magaji, wanda na sauko da shi daga kan firji da hannuna, a gaban Auta, ta kuma yi dariyar da ta ga dama. Gawar za a sa ta cikin kwalin maganin ido wanda ya ƙare, a kai wurin masu tara matattun kayan lantarki. Babu zaman makoki. Ba a karɓar shawara. Duk wanda gaisuwarsa za ta fara da "ai da ka", ya riƙe ta a gida.

Mutum uku ne za su halarta: ni, Auta mai riƙe fitila, da Inna a kujera kusa da taga inda haske ya fi yawa.

Ina cikin rubuta wannan jerin aka ƙwanƙwasa. Yaya ne, tef a wuya, gwangwanin mai a hannu. Ya ce ya ji za a buɗe, ya rufe shago ya zo ya kama mini, hannu biyu ba su isa wannan aikin ba. Ya riga ya sa ƙafa ɗaya a ciki.

"Yaya," na ce, "yau ba za ka shiga ba."

Ya kalle ni. Ya kalli Inna ta saman kafaɗata. Inna tana goge tabarau na Baba da bakin mayafinta. Ya janye ƙafar. Ya ce to, yana nan a baranda in an buƙace shi, ya ajiye gwangwanin a ƙasa, nesa da ƙofa.

Na rufe ƙofa, na murza makulli. Duk abin da ya fito daga katin nan, ko da ƙafar Baba ce kaɗai, zan kwafe shi wuri uku kafin in ɗaga kai, kuma ba zan tashi daga kujerar nan ba sai Inna ta ce ta gama kallo.