Baƙaƙen Abubuwa Uku a Saman Dutsen Kura

Ba zan taɓa mantawa da ƙarshen daminar nan ba, ko da kuwa na so in manta. Shekara ce mai nauyi. Malam, mai gidana, ya rasu da azumi. Ina fita takaba sai ga ƙanwata da 'ya'yanta huɗu sun taso daga ƙauyensu na wajen Wushishi, sun baro dawa a gona saboda mutanen daji. Kowa a unguwarmu ta Dutsen Kura kunnensa a miƙe yake. Ana ta raɗe-raɗin wai yanzu mutanen nan suna da wasu na'urori masu tashi sama, suna leƙen gari da su kafin su shigo. Har mai unguwa ya aika gida gida, ya ce duk wanda ya ga abin da bai gane ba a sama kada ya yi shiru.

Ni sana'ata busasshiyar kuɓewa da barkono. A kan wani falalen dutse da ke bayan gidanmu nake shanya, kuma duk mai shanya a ƙarshen damina ta san rabin aikin kallon sama ne, kada hadari ya shammace ki. To a wajen wannan kallon na fara ganinsu. Baƙaƙe ne guda uku, biyu a dunƙule, ɗaya da ɗan jela kamar zare. Ba ƙara, ba hayaƙi. Tare suke tafiya. In na juya don in kalle su da kyau sai su zille, in na tsaya sai su dawo a hankali. Wani lokaci har wani haske nake gani ya gifta ta gefe kamar walƙiya, alhali babu gajimare ko ɗaya. Na ce a raina, lallai waɗannan sun san ana kallonsu.

Na kira ƙanwata ta duba. Ta ɗaga kai, ta ce ita ba ta ga komai ba, amma ai haka abin yake, su ma a ƙauye ba su ga komai ba sai da aka shigo. Daga nan ta fara ɗaure kayanta. Wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa.

Sai na rubuta wasiƙa. (A nan zan faɗi gaskiya, tunda na riga na tsufa da jin kunya.) Shekara uku ina zuwa ajin manya a unguwar Sauka Kahuta, ban taɓa rubuta wa kowa komai ba sai aikin gida da malamarmu ke bayarwa. Tsoro na nan, ban musa ba, amma a ƙarƙashinsa akwai wani ɗan daɗi, yau ga ni zan rubuta wa hukuma da hannuna. Sau uku na sake ta. Na jera ranakun da na gan su da lokutan, na ce sun fi fitowa tsakanin azahar da la'asar. Na sa hannu da biro, ba dangwale ba, na kai wa mai unguwa.

Bayan kwana huɗu jami'an tsaro suka zo, maza biyu cikin kayan gida da wata mace mai littafin rubutu. Babbansu ya ce da kowa zai riƙa kawo bayani a tsare haka, da aikinsu ya yi sauƙi. Kaina ya kumbura. Suka tambaye ni girmansu, da launinsu, da ta inda suke ɓullowa. Na zana musu a takarda. Can sai babban ya tambaya ko akwai mai abin da ke tashi sama a unguwar. Ba wanda ya matsa mini. Ni da bakina na ce akwai Ndagi.

Ndagi maƙwabcinmu ne, Banufe daga Bida, mai ɗaukar hoton biki. Yana da ɗan ƙaramin jirgin nan da ake tayarwa ya ɗauki taro daga sama. Shi ya ɗauki bikin 'yata, kuma ranar da Malam ya rasu yana cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi. Duk na san wannan lokacin da na ambaci sunansa.

A ranar suka tafi da shi da akwatin jirginsa. Shi sun sake shi da yamma, jirgin suka riƙe sai an gama bincike. Amma maganar ta riga ta fita. Kafin kwana biyu an fara kiransa infoman mutanen daji a bayan idonsa, kuma a irin wannan shekara kowa ya san inda wannan suna ke kai mutum. Masu biki biyu suka fasa da shi. Matarsa ta daina zuwa famfon layinmu. Shi kuwa in ya wuce ƙofarmu sai ya rage tafiya ya gaishe ni kamar kullum, ni kuma in amsa ina kallon ƙasa. Na riƙa gaya wa kaina cewa ai gari nake karewa.

Ranar Alhamis suka dawo don su gani da idonsu. Sun zo da madubin hangen nesa da wata na'ura mai eriya, akwatin Ndagi kuma na kulle a motarsu. Babban ya yi bayani a gaban kowa: in abubuwan sun fito alhali jirgin na kulle, to ba shi ba ne, sai a nemi wani; in ba su fito ba, za su koma da Ndagi a ƙara tambayarsa. Mai unguwa ya zo cikin farar babbar riga. Ndagi na tsaye a gefe ya harɗe hannu. Jama'a suka cika dutsen, har da matan ajinmu uku da suka ji labari. Ni kuwa na yafa mayafina na zuwa biki (Allah Ya yafe mini).

Sama tas, ba ko tsuntsu. Na ɗaga kai, ko minti ɗaya ba a yi ba suka fito.

"Ga su nan," na ce.

Kowa ya ɗaga kai. Mai madubi ya bi yatsana, ya ce in ƙara nunawa. Na nuna. Na ce sun yi gabas, duk taron ya juya gabas. Na ce sun dawo, aka dawo. Haka na riƙa juya mutum kusan hamsin, manya da yara, kamar mai ba da fareti. Mai na'ura ya ce shi bai ji komai ba. Raina ya fara ɓaci, na sauke kai zan yi wa mai unguwa magana, sai na gan su ƙuru-ƙuru a kan ƙirjinsa, su ukun, har mai jelar.

"Ranka ya daɗe, kada ka motsa, sun sauka a rigarka."

Ban tsaya nan ba. Na kama gefen mayafina na kai wa dattijon nan duka a ƙirji, sau biyu, ina kore masa su.

Sai wani ya fashe da dariya, sauran suka bi. Mai unguwa ya duba rigarsa, ya dube ni, ya ce Hajiya lafiya kuwa?

Macen nan mai littafi ba ta yi dariya ba. Ta matso ta kama hannuna, ta ce in rufe idon dama da tafina in kalli sama. Na rufe, suna nan. Ta ce in rufe na hagu. Na rufe. Sama fes, babu komai. Na buɗe, suka dawo.

"Mama, ba a sama suke ba," ta ce, a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

Ta tambaye ni ko ina ganin walƙiya ta gefe, na ce ina gani. Ta ce kada in bari a kwana biyu ban je asibitin ido ba, mahaifinta haka nasa ya fara, ya yi ta jira.

Abin da ban gaya mata ba, kuma ban rubuta a wasiƙar ba, shi ne tun kafin in gan su a sama ina ganinsu a farar takardar littafina, ina goge su da ɗan yatsa ina cewa datti ne. Mahaifiyata ta makance kafin ta kai shekaruna, ni na riƙa jan ta zuwa bayi ina yarinya. Ashe na gwammace a ce mutanen daji ne ke shawagi a kan gidana da in yarda abin Inna ne ya zo mini.

Suka rubuta abin da suka rubuta, na sake sa hannu. Aka buɗe mota aka miƙa wa Ndagi akwatinsa. Na ɗauka zai wuce ne. Sai ya tsaya a gabana, da Hausarsa ta mutanen Bida da ba ta raba mace da namiji.

"Mama, da ka gaya mini idonka ne, ai da tuni na kai ka asibiti a mashin."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. An koya mini rubutu, ba a koya mini cewa takarda tana da ƙafa ba, tana zuwa inda mai ita ba ta aike ta ba. Yanzu kafin in kai ƙarar sama, ina fara rufe ido ɗaya in gani.

Washegari ban fitar da shanya ba. Waɗanda suka hau dutse sun ga gaskiya, amma sunan da na jawo wa Ndagi ya shiga gidajen da ba su zo ba. Na fara da famfo, inda mata ke layi, na faɗa musu da bakina cewa idona ne, yaron nan bai yi komai ba. Na bi layinmu gida gida, na bi na bayansa, wasu na dariya, wasu na cewa Allah Ya sawwaƙe. Rana ta ɗaga sosai kafin in isa ƙofarsa. Sai a sallama ta uku matarsa ta amsa, kuma ba ta ce in shigo ba. Na tsaya a wajen na ba ta haƙuri, tana sauraro tana kallon gefe. Ina cikin magana na ji an tayar da mashin a zaure. Ndagi ya turo shi waje, ya goge kujerar baya da hannun rigarsa, ya ce in yi sauri kafin a gama ba da kati a asibiti. Na tattare zanina na hau.