Ƙofar Gudu a Tudun Gawo

A Tudun Gawo kowa a rami yake kwana, in ban da masu mulki. Kurege da gafiya da ɓera su ne talakawa, kuma tun kaka da kakanni kowane gida ƙofa biyu gare shi. Akwai ta gaba, inda baƙo yake sallama. Akwai ta gudu, wadda ake haƙawa can nesa a ɓoye, a bar mata 'yar ƙasa a sama yadda ko jinjiri zai iya ture ta da kai. Ba a tambayar maƙwabci inda tasa take. Suruki ma ba ya tambaya. Kafin uwa ta koya wa ɗanta ɓare gyaɗa sai ta koya masa magana ɗaya: in ka ji an ce maciji, kada ka tsaya dubawa, nufi ƙofar gudu.

Majalisar unguwa mutum uku ce. Mai Unguwa Cindo kunkuru ne, wakilinsa Gambo bushiya ne, Magajiya Lanti kuwa beguwa ce. Duk cikinsu babu wanda haƙori ya taɓa shiga jikinsa, don haka aka ga sun fi kowa cancantar zama a kan batun tsaro, tunda za su tattauna shi cikin natsuwa.

Wata damina gamsheƙa ta shiga gidaje biyu. Aka tara jama'a a gindin gawo, Mai Unguwa ya gabatar da wani tunku mai suna Jatau, wanda ya iso da yaransa, suna jan gawar gamsheƙar a ƙasa don kowa ya gani.

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, jama'ar Tudun Gawo, mu ba mutanen dogon bayani ba ne, ga aikinmu nan kwance a gabanku. In kun ba mu sintirin unguwar nan, uwa za ta tafi gona ba tare da waiwaye ba. Abu ɗaya kawai muke roƙo. Maciji ba ya sallama, ba ya bin ƙofar baƙi. Ta ƙofar gudu yake lallaɓowa. Mu kuwa ba ma iya tsare ƙofar da ba mu san inda take ba. Kowane gida ya nuna mana tasa, mu kafa mata karan dawa don mai sintiri ya gane ta. Wanda ya ɓoye ciwonsa, kada ya zargi mai magani."

Aka yi ta jinjina kai. Ba a taɓa jin maciji ya shiga ta ƙofar gudu ba, amma ga gawa a ƙasa, kuma mai gawa a hannu ba a cika yi masa gardama ba.

Sai wata kurege ta miƙe. Sunanta Kyallu, mijinta ya rasu, 'ya'yanta huɗu.

Ta ce, "Baba Mai Unguwa, tambaya gare ni. Wanda zai tsare mini ƙofar gudu, in wata rana shi zan guje wa, ta ina zan fita?"

Aka yi dariya, har Jatau. Gambo bushiya ya ce, "Ke dai, Kyallu, ko inuwarki ba ki yarda da ita ba. Baƙo ya zo taimako, kin tarye shi da zargi."

Mai Unguwa ya fito da wuyansa kaɗan ya ce, "Tambaya ce mai kyau, 'yata. Za a ajiye ta." Aka ajiye ta, kuma ba a ƙara ɗauko ta ba.

Kafin gero ya fid da kai, Tudun Gawo ya cika da karan dawa a tsaitsaye. Abin da kakanni suka ɓoye wa surukansu, yanzu shaho ma daga sama yana iya ganinsa. Gida ɗaya ya rage, na Kyallu. Majalisa ba ta tilasta mata ba, don majalisa ba ta son tilas. Ta dai yanke cewa duk gidan da ya haɗa bango da mai ɓoye ƙofa, an cire shi daga sintiri.

Wadda ta haɗa bango da Kyallu wata gafiya ce, Yalwa. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yan Kyallu. A ranar haihuwar ruwa ya cika ƙofar gaba, Yalwa ta fitar da jariran ɗaya-ɗaya a bakinta ta ƙofar gudu, a gindin wata sabara. Ban da Kyallu da 'ya'yanta, ita kaɗai ta san wurin.

Yalwa ta shigo gidan Kyallu da hantsi, ta zauna ba ta ko taɓa gyaɗar da aka miƙa mata ba.

"Yaya Kyallu, ki rufa mini asiri. Jiya sun wuce ƙofata ko kallo ba su yi ba. Ni ma fa ina da yara."

"Yaranki da nawa duk ɗaya ne a wurina. In maciji ya shiga gidanki, ni zan riga su zuwa."

"Ke da wane haƙori? Kara ne kawai za a kafa, ba ranki za a cire ba. Kowa ya nuna tasa, ke ce autar masu hankali?"

"Ba zan nuna ba, Yalwa. Kuma ke ma ba ki san inda take ba. Kin ji ni?"

Yalwa ta ce, "Na ji." Ta tashi.

Ba a daɗe ba Kyallu ta leƙa gindin sabara ta tarar da karan dawa a tsaye, sabo, an ma daddanna masa ƙasa da kyau. Ta tuge shi ta karya. Ta san karyawar ba ta da amfani, wanda ya kafa ba zai manta ba. Ta fara haƙa wata ƙofar, amma ƙofar gudu ba aikin yini ɗaya ba ce, ga ciyar da baki huɗu.

Macizai dai sun ragu, wannan gaskiya ce, kuma majalisa ta yi ta faɗinta. Yara ma sun fara raguwa, amma wannan an ce ana bincike.

Ranar da abin ya zo kan Kyallu tana gonar gyaɗa, rana tsaka. Ta dawo ta tarar da ƙofar gaba lafiya lau, ciki shiru. A can ƙurya ta sami 'yar autarta, wadda ƙaya ta soke a ƙafa tun shekaranjiya, ta dunƙule. Yarinyar ta ce wani ya sa baki a ƙofar gaba ya ce maciji, yayyenta uku suka ruga ƙofar gudu yadda aka koya musu, ita ta kasa binsu. Ta zauna tana jiran macijin, bai zo ba. Muryar kuwa ta mai sintirin nan ce da yake gaishe su kullum da safe.

A gindin sabara babu jan cikin maciji ko kaɗan. Akwai sawun tunku, da yawa, da gashin jelar kurege.

Kyallu ta kai ƙara gindin gawo. Ba ta yi kuka ba, abin da Magajiya Lanti ta ce daga baya ya rage wa ƙararta ƙarfi.

Ta ce, "Baba Mai Unguwa, ni na koya wa 'ya'yana gudu. Sun ji maganata, shi ya sa babu su. Wadda ta kasa ji ita ta rage. Ɗaya ya tsaya a gaba ya yi kira, sauran suka jira a baya. Ku je ku ga sawun da idonku."

Jatau ya miƙe cikin ladabi. "Ranka ya daɗe, ina taya wannan baiwar Allah baƙin ciki. Sawunmu yana wurin, ƙwarai kuwa. Da ba a ga sawunmu ba, ai sai a ce ba ma sintiri. Abin da ya dame ni shi ne an tuge karan da muka kafa. Gidan da ya cire alamarsa da hannunsa, yaya za a yi mu kiyaye shi?"

Kyallu ta ce, "Ƙofar Yalwa tana kallon sabarar. Ranar tana gida. A tambaye ta."

Aka kira Yalwa. Ta fito tana kallon ƙasa.

"Ban ga komai ba, ranka ya daɗe. Kwana biyun nan idona yana ciwo."

"Yalwa, dube ni."

Gambo ya ce, "Majalisa ake yi wa magana a nan, ba juna ba."

"A bakinki kika fitar da su daga ruwa, Yalwa. Kin san nauyin kowanensu. Dube ni kawai."

Yalwa ba ta ɗago ba.

Mai Unguwa ya shige cikin ƙoƙonsa ya yi nazari, sannan ya fito da hukunci. Majalisa ta yi wa Kyallu ta'aziyya. Majalisa ta lura cewa wannan rashi ya samo asali ne daga jinkirin ba da haɗin kai. Majalisa ta haramta haƙa sabuwar ƙofar gudu ba da sanin sintiri ba, ta kuma amince Jatau ya ƙaro yara daga garinsu, tunda aiki ya yi yawa. Yalwa kuwa aka naɗa ta Jakadiyar Tsaro, saboda kishin unguwa.

Kyallu ta koma gida ta cire wa 'yarta ƙayar, ta zaunar da ita.

"Daga yau in kin ji an ce maciji, kada ki motsa."

"To in macijin ne fa da gaske, Inna?"

"Shi in ya ci sau ɗaya sai ya kwanta. Ki zauna."

Haka sauran iyaye suka yi, kowacce a ƙuryar ɗakinta, ba tare da ta faɗa wa maƙwabciya ba, don yanzu ba a san wadda za a naɗa gobe ba. Yara suka daina fita in an yi kira. 'Yan sintiri sun ƙaru, abin da ke fitowa ta baya ya ragu, sai aka fara duba gidajen da a da ake tsallakewa. Gida ɗaya ne a unguwar ba a canza wa yaransa darasi ba, don uwarsu, Jakadiyar Tsaro, ta yi imani an yi mata alkawarin ba za a taɓa gidanta ba.

Da kaka, wata la'asar, Kyallu ta jiyo ta bango an ce maciji, a ƙofar Yalwa. Ta ji ƙananan ƙafafu suna rige-rige zuwa baya. Can an jima ta ji muryar Yalwa ta dawo daga gona, tana kiran 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta fara kiran wani sunan.

'Yar autar Kyallu ta miƙe. "Inna, ke take kira."

Kyallu ta ɗora mata hannu a baya ta mayar da ita ƙasa. "Na ji."

A zaman majalisa na ƙarshen shekara, Gambo ya ba da rahoto cewa an daɗe ba a kawo ƙarar kowa ba, kuma ko an yi kururuwa babu mai fitowa ya tayar da hankalin jama'a. Mai Unguwa ya ce a tsawon mulkinsa bai taɓa ganin Tudun Gawo ya yi shiru irin na bana ba, ya nemi a yi wa 'yan sintiri addu'a. Waɗanda suka rage suka shafa.