Ranar da Malamin Igiya Ya Faɗa Shanyar Inna Gambo

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin Juma'ar nan ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, tsofaffin unguwarmu ta Mansur ba za su bar ni ba. Har gobe in na bi ta gaban mai shayi sai wani ya ɗaga murya ya tambaye ni ko igiyata a ɗaure take. Ga furfura ta cika mini kai, amma sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A lokacin ina saurayi, ina ɗinki a wata 'yar rumfa, shekarun da motoci suka fara yawa a Makka amma jaki ne ke kawo mana ruwa. Ni mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko a kan keken ɗinki, ƙafa ɗaya na taka keke, ɗayar na rawa don kanta. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce tun ina ciki ba ta ƙara samun barcin rana ba.

Muna da ƙungiya ta masu tashin ɗayyara, wato jirgin takarda da ake sakar wa zare iska ta yi sama da shi. Kada ka ce wasan yara ne (mun sha jin haka daga bakin matan gida). Magidanta ne a ciki, teloli da masu dako da 'yan ga-ruwa. Duk Juma'a bayan la'asar muna haɗuwa a kan soron Baba Tanko. Wannan ya zo da ganyen shayi, wancan da gyaɗa, wani kuma da bakinsa kawai. Wanda aka yi wa haihuwa da wanda ya kwanta ciwo, a nan ake fara jin labarinsu.

Baba Tanko shi ya kafa mu. Da ƙafa ya taho daga Kano, ya ratso Sudan, kuma da tsufa ya zo ƙafafun suka ce sun gama nasu aikin. Ɗakinsa a kan soron yake, ba ya iya sauka. Yana zaune a tabarma yana fere tsinken dabino, yana yanka takardar buhun siminti, yana mannawa da ƙullun fulawa. In iska ta taso aka ɗora masa zare a hannu, sai ka ga fuskar nan ta saki. Wannan soron shi ne kasuwarsa, shi ne majalisarsa, kuma ba shi da wani waje bayan shi.

Sai ga labari daga wata unguwa, wai wani ya bi ɗayyararsa da ido har ya faɗo daga bene ya karye. Umda, wato mai unguwarmu, ya aiko cewa za a hana tashin ɗayyara a kan soraye. Baba ya aika masa da roƙo: ya zo da kansa ya ga yadda muke yi, in bai gamsu ba ya hana. Umda ya ce zai zo ranar Juma'a.

Gaskiya muna da dokoki, kuma Baba ba ya wasa da su. Kafin ka hau matakala sai ka yi kira da ƙarfi, "ɗarig, ɗarig," wato a ba da hanya, kamar yadda ake yi a duk gidajen Makka, don matan da ke kusa su kimtsa. In ka hau, idonka na sama, ba ka leƙa gidan maƙwabta. Mai riƙe da zare ba ya ja da baya ko taku ɗaya, domin wanda ke kallon sama bai san inda bango ya ƙare ba. Sannan akwai igiya a ƙugunsa, wani ɗan'uwa na riƙe da ɗayan bakin.

Aka zo zaɓen wanda zai yi wa Umda bayani. Ba wanda ya zaɓe ni, ni na zaɓi kaina. Na ce na fi kowa Larabci (wannan gaskiya ne), na ce na fi kowa natsuwa (wannan kuwa har Baba sai da ya yi tari). Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ka san ba ka da zama." Na ce, "Baba, ai a tsaye za a yi." Aka yi dariya, aka bar mini.

Duk makon nan ban yi barcin kirki ba. Na ajiye ɗinkin mutane na ɗinka wa kaina ɗamara mai faɗi, na sa mata zoben ƙarfe inda igiya za ta shiga. Na taɓa ganin wani matuƙin jirgin sama a Jidda daga nesa, to irin tafiyarsa na riƙa gwadawa a cikin rumfa. Ina guga ina haddace jawabi, har na ƙona wa wani hannun riga.

Juma'ar ta faɗo ne jim kaɗan bayan an sauko daga Mina. A irin wannan lokaci mutanenmu kan yanyanka naman layya siri-siri su shanya a kan igiyoyi, kowane soro ja wur, unguwa duk ƙamshi da ƙuda. Maƙwabciyar Baba, Inna Gambo, mai sayar da abinci ce, kuma tata shanyar ta fi ta kowa. Soronta yana manne da namu, amma ya fi namu ƙasa da kamar tsayin mutum. Abin da ya raba mu wani ɗan guntun bango ne da bai wuce gwiwa ba.

Umda ya yi ɗarig ɗinsa, ya hau yana haki, aka shimfiɗa masa darduma kusa da Baba. Na miƙe da ɗamarata. Abokina Ilu, ɗan ga-ruwa, shi ke riƙe da igiyata. Aka tashi babbar ɗayyarar Baba, ja mai doguwar jela, aka miƙo mini zaren. Na fara jawabi, kuma wallahi farkonsa ya yi kyau, har Umda na gyaɗa kai.

Sai idona ya faɗa kan kofin Umda. Babu komai a ciki, kuma duk 'yan ƙungiya sun saki baki suna kallona, ba wanda ya kula. Raina ya ƙi kwanciya. Na ce a Hausa ƙasa-ƙasa, "Ilu, je ka zuba masa shayi." Ya ce, "Igiyar fa?" Na ce, "Kawo, ni zan san yadda zan yi da ita." Na harare shi, ya miƙo. Da hannu ɗaya, ido na sama, baki na zuba Larabci, na lalubi wata sanda a jikin guntun bangon na ɗaure igiyar. Har na ji daɗi a raina, na ce ga sabuwar dabara, sanda ba ta gajiya kamar mutum. Ban tambayi kaina sandar wa ce ba, ko me take riƙe da shi.

Iska ta ƙaru. Ɗayyara ta fara sunkuyo da kai, tana neman kifewa. Duk mai tashin ɗayyara ya san abin da jiki ke so ya yi a wannan lokacin, kuma shi ne abin da Baba ya hana. Ina cewa, "Babbar dokarmu, ya Umda, ita ce ba a ja da baya," ƙafafuna kuwa suna ja da baya. Na ji Baba ya ce, "Ɗan nan." Na ɗauka yabo ne. Na ƙara murya na ce, "Ko taku ɗaya." Sai bayan gwiwata ya daki bango.

Ban san me ya sa ba, amma a tsakanin sama da ƙasa abin da ya fito daga bakina ba salati ba ne. "Ɗarig!" na ce. Wai ina neman izinin shiga.

Na dira da baya a kan soron Inna Gambo. Igiyar ta yi aikinta daidai, sai dai abin da na ɗaure ta a kai ne bai yi nasa ba. Sandar ita ce ke riƙe da duk igiyoyin shanyarta. Ta tumɓuke ta biyo ni, igiyoyin suka biyo ta, naman ya biyo su. Sai ga ni kwance, rigata ta kife mini a ka, nama a wuya, nama a kafaɗa, wani dogon yanki ya rataye a kunnena.

Matan gidan suna zaune a gefe suna tsince shinkafa. Na ji ihu, na ji tire ya kife, na ji gudu. Sai na tuna dokar da na gama karantowa, ba a kallon gidan maƙwabta. Na runtse ido gam, na miƙe, na shiga lalube ina neman hanyar fita, ina ta maimaita "ɗarig, ɗarig" kamar mai talla. Duk inda na juya sai igiya ta ƙara naɗe ni. Na taka shinkafa na zame, na sake tashi, na yi karo da randa. Kyanwoyin unguwa kuwa ban san wa ya aika musu ba, sai jin su na yi a ƙafafuna.

Abin da ya tsayar da ni muciyar Inna Gambo ce a gadon baya. "Buɗe idonka, ɗan banza, ai sun shige," in ji ta. "Ɗarig bayan ka shigo? Da ta sama ake zuwa gidan mutane a garinku?" Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, koyarwa nake yi." Ta ce, "To Allah ya kiyashe mu da ɗalibanka." Ta ƙara mini ɗaya.

Daga sama na ji muryar Umda. Bai leƙo ba, domin shi ya kiyaye dokar. Ya tambaya, "Malamin yana da rai?" Ilu ya ce yana da rai. Sai dariyar da kowa ya danne ta ɓalle. Ni dai a lokacin da ƙasa ta tsage da na shige, ban ko waiwayo ba.

Da na zagayo ta titi na sake hawa, ina ɗingishi ina warin kitse, dariya ta riga ta mutu. Umda ya miƙe yana gyara rawaninsa. Ya ce wa Baba cikin ladabi, "Shehu Tanko, dokokinku masu kyau ne. Amma wannan shi ne wanda kuka zaɓa, kuma Allah ya sa ta wannan gefen ya faɗa. Ta wancan gefen titi ne." Ya ce daga ranar ba sauran ɗayyara a kan soro, mu nemi fili a bayan gari. Baba bai yi musu ba. Yana kallon inda jar ɗayyararsa ta bi, domin na saki zaren tun ina faɗuwa, ta yi bayan duwatsu. Bai kalle ni ba, kuma wannan ya fi muciyar ciwo.

Ƙungiya ta koma wani fili ta wajen Kudai, wanda a lokacin ba komai sai tsakuwa da awaki. Iska a can ta fi kyau ma, amma shayin ba ya daɗi. Ni ban je ba. Na maƙale a rumfa, in zauna in tashi, in fara ɗinki in warware. Duk Juma'a da la'asar na san akwai tsoho zaune shi kaɗai a kan soro da tsinken dabino a gabansa, kuma na san ƙafar wa ta jawo masa.

Shi ya aiko a kira ni. Na hau ina jiran faɗa, na durƙusa na fara jero ban-haƙuri. Ya katse ni. "Bar wannan, ba zai tashi ɗayyara ba. Juyo nan." Na juya. Ya dafa kafaɗuna, ya matsa kamar mai tayin rago, ya ce, "Bayan dai da ƙwari. Tunda ƙafarka ta raba ni da sorona, bayanka zai kai ni fili. Tsuguna."

Haka na goya Baba Tanko na sauko da shi, karo na farko cikin shekaru da ya ga ƙofar gidansa daga waje. Ilu na jira da jakinsa. Muna tafe mutane na fitowa daga shaguna suna gaishe shi, shi kuwa yana ta tambayar wane ne ya gina nan, yaushe aka rushe can. A filin aka ɗora masa zare a hannu, ya share ido da bakin rawani ya ce ƙura ce. Daga ranar duk Juma'a ni ne matakalarsa, sauka da hawa, har Allah ya karɓi abinsa. Bai taɓa bari na sake riƙe zare ba, kuma ban taɓa roƙa ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ka ga mutum ya fi kowa iya faɗin doka, ka sa wani ya riƙe masa igiya, kuma kada ka bari ya aiki mai riƙon zuba shayi. Ni dai duk jawabin da na haddace bai sa na natsu ba, sai da aka ɗora mini tsoho a baya aka ce in sauka bene da shi.