Rasuwar Bulalar Zauren Bakari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Bakari na Auyo nake sanar da 'yan uwa rasuwar bulalata ta fatar dorina, ranar Laraba bayan la'asar, bayan shekara talatin da ɗaya tana rataye a zaurena.

Marigayiya ba ta san gajiya ba. Ba ta taɓa jiran bayani ba, ba ta sauraron rantsuwa. Maganarta ɗaya ce: fyau! Duk ɗan da ya bari tsuntsaye suka sauka a gonar shinkafa ya ji ta.

Jinyarta ta faro daga ajin yaƙi da jahilci, inda na koyi haɗa baƙaƙen boko da furfura a gemuna. Malaminmu ya ara mini littattafai biyu. Na farko na tarbiyya ne, wai a zaunar da yaro a tambaye shi dalilinsa. Na yi tsaki, na ce mai rubutun bai taɓa haihuwa ba. Na biyu labarin wani gari ne na ƙarshen zamani, inda mutane ke haɗiye dariya in sun ji takun mai mulki, 'ya'ya kuma suna gudu ba waiwaye. Wata guda ina tuntuɓe a cikinsa, ina tsine wa azzalumin nan. Da na ba matata Gumsu labarin, ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafa ba, ta ce, "Malam, ai mu mun daɗe a garin nan."

Na yi gyaran murya zan tsawata. Gida ya yi tsit, jikata Aisa ta shige bayan rumbu. A nan ciwon ajali ya kama marigayiya. Ni na sa mata wuƙa da hannuna.

Ta rasu ta bar tabo uku a bayan ɗana na fari, wanda ya haye kogi shekara goma sha ɗaya ke nan, yana dako a tashar jirgin Nguru, bai sake taka Auyo ba.

Za a binne ta ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, a bakin kogi inda kwalekwale ke tsayawa. Ba makoki, ba sadaka. Mutum ɗaya ake jira. Tun da aka haife shi bakina bai taɓa kama sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari. Yau hannuna ya rubuta: Ja'afaru. In bai iso ba, za a ɗaga zuwa Juma'a mai zuwa, da wadda ke biye mata.